Matattun Fitilun Hajah Salmah

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a kedai mamak, shagon shayin Indiyawan nan na unguwar Pantai Dalam, inda kuke haɗuwa bayan la'asar, Nazifi ya dube ni yana juya shayinsa ya ce, "Baba Lawal, wai da gaske aikinku kawai kwashe matattun ƙwan fitila ne? Ai wannan very simple ne. A samo mini part-time mana, lah, kafin in gama thesis." Kuka yi dariya, ni ma na yi. Ban ba shi amsa ba don an kawo mini roti yana tururi. Amma maganar ta yi ta bina har cikin jirgin ƙasa na LRT, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Ku karanta. In bayan nan akwai mai so, sai mu yi magana.

Karatun digiri na biyu a kimiyyar muhalli ya kawo ni garin nan na ƙasar Malayu, da tallafin gwamnati kamar yawancinku. Da na gama, wani ƙaramin kamfani mai lasisin ɗaukar shara mai haɗari ya ɗauke ni aiki, don suna neman wanda zai riƙa cike musu takardu. Na zaci ofis za a ba ni da kujera mai juyawa. Ranar farko manaja ya kai ni bayan sito, ya miƙa ni ga wani dattijo Ba'indiye, siriri, mai farin gashin baki. Ya ce, "Wannan shi ne Uncle Raju. Ba za ka rubuta takarda a kan abin da hannunka bai sani ba."

Uncle Raju bai tambayi sunan digirina ba. Ya ja ni cikin sito ya rufe ƙofa, wurin ya yi duhu ƙirin duk da rana tana tsaka a waje. Na ji ya zaro wani abu daga kwali, na ji ƙarar ƙyalle yana goga gilashi. Can sai ga wani haske shuɗi-shuɗi, mai rauni kamar na wata a bayan gajimare, yana bin hannunsa daga wannan ƙarshen ƙwan zuwa wancan. Babu waya, babu lantarki. Inda hannunsa ya wuce hasken ya bi, inda ya ɗauke hannu ya ɓace.

Ya ce, "Wannan an cire shi daga silin tun bara. Mai shi ya ce ya mutu. Kai me ka gani?"

Na ce, "Bai gama mutuwa ba."

Ya ce, "Bagus." Wato madalla. Shi ke nan darasin ranar.

Ga abin da ke ciki, don wanda ba kimiyya yake karantawa ba. Dogon ƙwan fitila, wanda Malayu ke kira lampu kalimantang, an shafe cikinsa da farar hoda, kuma an rufe 'yar ƙwayar zaiba a ciki, wadda kuke kira makuri. Muddin gilashin yana nan lafiya, zaibar tana kwance abinta. Ranar da ya fashe sai ta tashi ta shiga iska, ba wari, ba launi, ba hayaƙi. Mutum ya shaƙe ta bai sani ba, ta zauna a jikinsa. In ta bi ruwa ta shiga kogi, kifi ya ɗauka, ta dawo maka a faranti. Shi ya sa dokar ƙasar nan ta sa mataccen ƙwan da ya fito daga shago ko ofis ko masana'anta cikin jerin shara mai haɗari. Ba a jefa shi a bola. Sai mai lasisi ke ɗaukarsa, da takardar rakiya tun daga ƙofar mai shi har masana'antar da ake sarrafa shi, kuma ba a jibge shi ana mantawa.

Wannan ɓangaren mai amfani da ƙwan ke nan. Ɗaya ɓangaren, wanda na ci abinci da shi shekara da shekaru, shi ne na wanda ya ƙera ƙwan ko ya shigo da shi ƙasar. A wasu ƙasashe doka ce ƙarara: abin da ka sayar, kai za ka karɓe shi in ya mutu. Ka sa masa tambarinka, ka tanadi wurin mayarwa, ka ɗauki nauyin mota da sarrafawa, ka kai wa hukuma rahoto. A nan, lokacin da na fara, ana ta maganar mayar da hakan tilas, amma manyan kamfanonin fitila sun riga sun fara rubuta alkawarin a yarjejeniyarsu da manyan masu saye. Su ba su da mota ba su da sito, sai su ɗauke mu. Aikinmu shi ne mu mayar wa kowane kamfani nasa. Uncle Raju yana cewa kowane ƙwai yana da uba. Wanda kamfaninsa ya rufe ko ya bar ƙasar, marayu muke kiransu.

Aikina na farko a waje, a wurin ajiye motoci ne na ƙarƙashin wani babban kanti. Silin ɗin ba shi da tsayi, layin fitilu ya miƙe har inda ido ya ƙare, wasu na ƙyaftawa, wasu sun yi baƙi a kai da gindi, duk wurin yana wani irin gunaguni a hankali kamar ƙudan zuma a cikin bango. Kayan aikinmu ba su da yawa. Safar hannu kala biyu, ta roba a ciki, mai kauri a waje. Takunkumi mai kwalba biyu a kumatu, ba irin na asibiti ba. Tabarau. Tsanin katako, don na ƙarfe yana son lantarki. Doguwar rigar kwali da ake zura kowane ƙwai a ciki shi kaɗai. Akwatin roba mai ramuka. Sai wata 'yar jaka ja da Uncle Raju ba ya rabuwa da ita, a ciki akwai garin farar wuta, salatif mai faɗi, kwali biyu masu tauri kamar katin gayyata, tsumma mai danshi, da gwangwani mai murfin murɗawa.

Mako guda bai bar ni na hau tsani ba. Shi yake cirewa, ni ina ƙasa ina karɓa. Ya koya mini a karɓi ƙwai da tafin hannu biyu a buɗe, ba a damƙe shi, don yatsa ke fasa gilashi, tafi ba ya fasawa. Ba a jingina shi da bango. Ba a ɗaure goma da salatif a ce an yi dabara, don wajen kwancewa na tsakiya ke tafiya. In kana tafe da shi za ka sha kwana, kai ne za ka fara juyawa, ƙwan ya biyo ka. In mun loda mota muna tafe a hankali, za ka ji su a baya suna 'yar ƙara siririya, ƙil-ƙil-ƙil, kamar ana wanke kofunan shayi a wani gida mai nisa. Da kunne yake tuƙi. Da ƙarar ta canza sai ya faka ya je ya duba.

Na farko da na fasa, a ofishin wani lauya ne a hawa na uku. Na juya in amsa sallama, gindin ƙwan ya taɓa bakin tebur. Ƙarar ba ta da yawa, wani ɗan "fuf" ne, farar hoda ta tashi ta tsaya a cikin hasken taga tana lilo, kyakkyawa da ita. Ni kuwa na hango tsintsiya a lungu na miƙa hannu. Uncle Raju ya make mini hannun, duka na gaske.

"Tsintsiya tana raba ta ga kowa," in ji shi. "Fita da mutane. Kashe esi. Buɗe taga."

Muka fitar da lauya da sakatariyarsa, muka tsaya a baranda kusan sulusin awa ɗakin yana shan iska. Sannan muka koma da takunkumi. Ya durƙusa, ya barbaɗa farar wuta, ya tattara gilashin da kwalayen nan biyu, ya bi ƙananan da salatif yana dannawa yana ɗagawa, ya goge da tsumma, ya zuba komai har da safar hannunsa a gwangwani ya murɗe. Ya hana su kawo injin zuƙe ƙura. Ya sa ni na rubuta a takardar rakiya da hannuna cewa ɗaya ya fashe, a wuri kaza, ni na fasa. Har yau haka nake sa kowa ya rubuta.

Bayan hannu sai ido. A wuyan kowane ƙwai akwai tambarin kamfanin da ya yi shi, da lambobi. Shi ne shaidarmu. Babu kamfanin da zai ɗauki nauyin ƙwan wani, kuma da gaskiyarsu. To amma ƙwan da ya shekara biyar yana ci a silin, zafi ya cinye rubutun. Uncle Raju yana gane wasu daga siffar hular alminiyam ɗin da ke bakinsu, wasu daga kaurin gilashi, wasu daga launin hodar, wannan fari kamar madara, wancan fari kamar alli. Ni sai da na shekara biyu kafin in daina tambayarsa. Amma ganewarmu ba hujja ba ce a wurin kamfani. Su rubutu suke so su gani.

Cikin duk masu kiranmu, na fi son masu shagunan yadi na titunan Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India. Mai ofis bai damu da fitilarsa ba sai ta mutu. Mai yadi kuwa da fitila yake ciniki. In hasken ya ja zuwa ruwan ɗorawa, shuɗin siliki sai ya koma kore, mace ta saya ta kai gida ta dawo da faɗa. Saboda haka ba sa jiran ƙwai ya mutu, da ya fara gajiya suke sauke shi. Akwai wata dattijuwa Bamalayiya, Hajah Salmah, mai shago hawa uku kusa da masallaci. Ƙasa da tsakiya yadi ne, sama kuma ɗakin teloli mata ne da wani ɗakin ajiya. In ka shiga shagonta da rana daga zafin titi, sai ka ji kamar ka nutse a ruwa mai sanyi: fitilu jere a sama, jere a jikin kanta, yadudduka sun zubo daga silin har ƙasa, kowane launi yana tsaye da kansa. Matanmu na Pantai sun san shagon, can suke zuwa ɗinkin Sallah. Ita da kanta take zaɓar ƙwai. Takan ɗaga mayafi fari a ƙarƙashinsa ta ce wa mai sawa, "Wannan ya tsufa, anak. Sauke shi." Anak wato ɗana.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce shekarar da gari ya koma fitilar LED kusan a lokaci guda. Ku kuna ganin abin alheri ne, kuma alheri ne, ba ta da zaiba, ba ta cin wuta. Amma duk silin ɗin da aka sa wa sabuwa, tsohuwa ta sauko. Waya ba ta daina ƙara ba. Sitonmu ya cika har muna bi a karkace. Masana'antar da ke sarrafawa ta ce mu riƙa kawowa da layi. Direbobinmu biyu suka bar aiki. A shekarar ne kuma hannun Uncle Raju ya fara rawa sosai, har kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Ya taɓa gaya mini cewa da ƙuruciyarsa, kafin a san da wata doka, a bayan wata masana'anta yake aiki, suna fasa ƙwai da sanda a cikin duro don su cire hular, ba takunkumi ba komai. Likita bai ce masa shi ne dalili ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Manaja ya hana shi hawa tsani. Ya ci gaba da zuwa yana zama a mota.

Ana cikin haka kamfanin da ya fi ba mu aiki ya daina shigo da dogon ƙwai gaba ɗaya. Suka aiko da takarda: za su rufe shirin karɓar matattu a ƙarshen wata. Kafin nan za su cika alkawari, amma sai ƙwan da tambarinsu ya fito a jikinsa. Ofishin da da yake da mutum shida ya koma mace ɗaya, Madam Teoh, mai gajeren gashi da tabarau, wadda ba ta taɓa sa hannu a takarda ba ta karanta ba.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare Hajah Salmah ta kira. Ta ce ta canza fitilun shagonta duka, mu zo mu ɗauka. Muka je, muka tarar da na silin an jera su a kwali tsaf. Ina cike takarda sai ta ce, "Akwai kuma na sama." Ta ba ni mabuɗi.

Na buɗe ɗakin ajiyar nan na tsaya a bakin ƙofa. Tun daga ƙasa har kusa da rufi dogayen ƙwai ne, a kwance, a tsaye, wasu a kwali, wasu an naɗe su da ragowar yadi kala-kala an ɗaure da zare. Ashe kafin ta san da mu, shekara da shekaru, duk wanda aka sauke nan take sa a kai. Rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya, damina ta jiƙa kwalayen ƙasa sun yi laushi, tulin duka ya ɗan karkata. Bangon da ya raba ɗakin da na teloli katako ne, bai ma kai rufi ba. Ina jin kekunan ɗinki da hirar mata ta samansa, har da kukan jariri da wata ta zo da shi.

Na sauko na ce, "Hajah, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?"

Ta ce, "Ba ku tambaya ba. Kuma ni ban iya jefar da abin da ya yi mini aiki ba." Sai ta ƙara da cewa, "In da wahala ku bari. Wani mai gwangwan ya ce jibi zai zo ya kwashe duka, ba sai na yi komai ba."

Na san abin da ɗan gwangwan zai yi. Hular alminiyam yake so. A lungun bayan shagon zai fasa su, ruwan sama na yamma ya wanke hodar ta bi kwata, kwatar kuma kogi take faɗawa, can kusa da Masjid Jamek. Na ce mata, "Hajah, don Allah ki ba ni mako guda. Kuma daga yau a kulle ɗakin nan, a mayar da teloli hawa na biyu." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mako guda. Boleh." Wato zai yiwu.

Na ɗauko guda goma na duba wuyansu. Fari fat. Ita ta rantse yawancinsu daga kamfanin nan ta saya, ni ma hular ta gaya mini haka. Na kira Madam Teoh. Ta ce, "Mista Lawal, na yarda da kai, amma ba ni da ikon sa hannu a kan yarda. Nuna mini tambari." Na gwada tocila, na gwada gilashin ƙara girma, na ɗauki hoto na juya launinsa a kwamfuta. Ba abin da ya fito. Kwana biyu suka tafi a haka.

A rana ta uku ina zaune a mota da Uncle Raju, na fito daga sanyin shagon, tabarauna ya yi hazo kamar yadda yake yi wa kowa a garin nan. Na cire zan goge da riga, sai ya riƙe mini hannu. Ya daɗe yana kallon tabaran. Ya ce, "Da can in rubutu ya ɓace, hura masa numfashi muke yi. Inda tawada ta taɓa zama, raɓa ba ta kwanciya daidai da sauran wurin. Amma sai gilashin ya yi sanyi, kuma wa zai cire takunkumi ya hura wa ɗaki guda?" Ya nuna ƙofar shagon da haɓa. "Ga mai hurawa nan, kyauta. Iskar gari."

Muka roƙi Hajah Salmah ta rufe hawa na biyu da wuri, ta bar esi a kunne har ƙarshensa. Da yamma ni da abokan aikina biyu muka sauko da kashin farko, ɗaya bayan ɗaya, a tafin hannu, muka shimfiɗa su a kan teburan yanka yadi. Uncle Raju ya ce kada kowa ya goge wuyan, ko da ƙura. Na sake kiran Madam Teoh na ce hoto ba zai kama abin da zan nuna mata ba, sai ta zo da idonta, da sassafe. Ta ce minti talatin za ta ba ni.

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya waye da ɗumi da danshi, titin bai cika ba tukuna, masu shara ne kawai da tantabaru. Muka sa wa Uncle Raju kujera a barandar bene. Madam Teoh ta tsaya kusa da shi da takardunta, Hajah Salmah tana bakin ƙofa da carbi. Na shiga ɗakin, sanyi kamar cikin firji, na ɗauko ƙwai ɗaya na fito da shi.

Nan take ya yi hazo daga kai har gindi. Na karkata wuyansa wajen hasken gabas. Da farko ba komai. Sai ga harufa suna fitowa a cikin raɓar, ɗaya bayan ɗaya, kamar wani yana rubutawa da yatsa daga cikin gilashin: tambarin, sunan, har da lambobin. Suka tsaya kamar numfashi uku. Sannan raɓar ta tattaru ta gangara, ƙwan ya koma fari.

Madam Teoh ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Kawo wani."

Na kawo wani. Na kawo wani. Uncle Raju yana zaune hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, tun kafin hazon ya gama kwanciya yake faɗar sunan, ita kuma ta duƙa ta tabbatar ta yi alama. Minti talatin ɗinta ya wuce ba ta duba agogo ba. Wajen ƙarfe tara rana ta ɗaga, gilashin ya daina riƙe sanyi, muka tsaya. Hajah Salmah ta aika aka yi mana tapau, wato ƙunshi, na nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa. Madam Teoh ta ci a tsaye, ta ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Safiya biyar muka yi a haka. Ba duka ne nasu ba. Wajen kashi ɗaya cikin biyar sunayen da suka fito na kamfanonin da suka daɗe da ɓacewa ne, wani ma Uncle Raju ya ce tun yana saurayi rabonsa da ganinsa. Na dubi Madam Teoh na ce, "Marayun fa? Mota ɗaya ce, hanya ɗaya ce." Ta ce, "Namu zan ɗauka, ko guda ba zan bari ba. Waɗannan ba mu muka kawo su duniya ba." Ban ji daɗi ba, amma ba ta yi ƙarya ba. Nauyinsu ya koma kan mai shago, haka tsarin yake. Na yi wa Hajah Salmah bayani ina jiran faɗa. Ta yi mita, ta kira sunan Allah, ta ce duniya ta lalace tunda har shara sai an yi mata takardar tafiya. Sannan ta ce, "Su ma sun haska mini shago. Sa su a motar." Da ɗan gwangwan ya dawo, shayi ta ba shi ta sallame shi.

Saura kwana biyu wata ya ƙare muka yi lodin ƙarshe. Guda uku kacal muka samu a fashe, a can ƙasan tulin inda ruwa ya ci kwali, muka yi musu abin da ake yi. Aka bar ɗakin a buɗe kwanaki yana shan iska, aka auna, sannan teloli suka koma.

Bayan kamar wata guda masana'antar ta kira a zo a karɓi takardar shaidar an sarrafa. Wurin yana wajen gari, tafiyar awa ɗaya da wani abu tsakanin gonakin kwakwar manja. Uncle Raju ya ce zai raka ni, don a satin zai ajiye aiki. A can injin ke haɗiye ƙwai a cikin rufaffen ɗaki, gilashi ya fita ta nan, alminiyam ta can, farar hodar kuma a dafa ta a tukunyar ƙarfe har zaibar ta tashi ta taru a wuri mai sanyi. Injiniyar wurin ta san Uncle Raju shekaru da yawa ta takarda, ba su taɓa haɗuwa ba. Da ta ji sunansa ta ce mu biyo ta. Ta buɗe wani kabad na ƙarfe ta ɗauko 'yar kwalba mai kauri, a toshe, a cikin wata kwalbar.

Ta ce, "Na kayan Jalan Masjid India ne, da na wasu wurare biyu da muka haɗa."

Na duƙa na duba. Bai kai cikin cokalin shayi ba. Ɗigo ne guda, mulmulalle, mai sheƙi, yana kwance a gindin kwalbar, ɗakin duka da mu ukun muna cikinsa ƙanana a lanƙwashe.

Uncle Raju ya ce, "Boleh in riƙe?"

Ta dube ni, ta dube shi, ta ɗora masa a tafin hannu biyu, nata hannun yana ƙarƙashin nasa. Ɗigon ya fara rawa, ya rabu gida uku, ya zagaya gindin kwalbar, ya sake haɗewa. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Hawa uku. Safiya biyar." Ya yi 'yar dariya. "Nauyi gare shi, Lawal. Taɓa ka ji."

Na sa yatsa a ƙarƙashin kwalbar, na ji. Ya miƙa mata a hankali, bai janye hannunsa ba sai da ya ga ta mayar da ita cikin kabad. Ya tsaya har ta murɗa mabuɗi, ya sa hannu ya ja ƙofar da kansa ya tabbatar ta kullu. Sannan ya juyo ya ce mini, "To. Mu je makan." Wato mu je mu ci abinci.